Jirgin danƙo, jirgin farfela ko F1D: wanne ya dace da gasar ɗalibai a Kaduna?

Malamin da ke riƙe da kulob ɗin JETS, wato kulob ɗin kimiyya da ƙere-ƙere na ɗalibai, a wata sakandare ta Kaduna, in ya yi niyyar shirya wa ɗalibansa gasar ƙananan jiragen sama da roba ke tashi da su a cikin zaure, shawarar farko da za ta tsaya masa ita ce wane irin jirgi za a ƙera. Iri uku ne a gabansa. Akwai jirgin danƙo, wanda ba shi da farfela: harba shi ake yi sama da roba, ya sauko a hankali yana shawagi. Akwai jirgin farfela na 'yan makaranta, wanda ake murɗa masa roba a ƙarƙashin cikinsa, tana warwarewa tana juya farfelar. Sai kuma F1D, ajin da ake gasar duniya da shi. Dukansu alƙalinsu ɗaya ne, wato agogo. Wanda ya fi daɗewa a sama shi ya ci, ba ruwan kowa da fenti ko kyan gani.

Wannan shi ne abin da ya raba gasar da abin da muka saba gani a baje kolin kimiyya na makarantu, inda yaro zai kawo jirgin kwali mai fitilu, a ajiye a kan tebur, a tafa masa, jirgin kuwa ko taku ɗaya bai tashi ba. Garin da ke da kwalejin AFIT ta sojan sama, garin da aka harhaɗa jirgin koyo na Air Beetle a shekarun 1990, aka kuma ƙaddamar da jirgi maras matuƙi na Tsaigumi a watan Fabrairun 2018, ga kwalejin horon matuƙa ta Zariya da aka kafa tun 1964 a gefensa, ya ci a ce jiragen yaransa suna tashi.

Abin ba sabo ba ne. A 1871 wani Bafaranshe, Alphonse Pénaud, ya tashi jirgin roba a lambun Tuileries da ke Paris, ya yi daƙiƙa 11 a iska. Abin wasan da mahaifin 'yan'uwan nan Wright, waɗanda suka fara tashi da jirgin sama mai inji, ya kawo musu a 1878, wanda ya cusa musu son tashi sama, shi ma na roba ne, a kan tsarin Pénaud aka yi shi.

Mu fara sallamar F1D, don shi ne ya fi ɗaukar ido a bidiyo, shi ne kuma ya fi yaudarar mai farawa. Hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, mai hedkwata a Lausanne ta ƙasar Suwizalan, ta ƙayyade cewa faɗin fuka-fukinsa kada ya wuce santimita 55, nauyinsa kada ya gaza giram 1.4, robarsa kuma kada ta wuce giram 0.4. Takardar A4 guda ɗaya tana kai giram 5, ka ga ke nan jirgin bai kai sulusin fallen takarda ba. Farfelarsa ba ta cika zagaye ɗaya a daƙiƙa, tafiyarsa ba ta kai ta mai tafiya a ƙasa ba, kuma a zaure mai tsawo yana wuce minti 20 bai sauko ba. An sha yin gasar duniyarsa a cikin ramin haƙar gishiri na Slănic a Romaniya, saboda can ne ake samun rufi mai nisa da iskar da ba ta motsi. Akwai rukunin matasa 'yan ƙasa da shekara 18, kuma suna taka rawa sosai.

Amma duba abin da yake buƙata. Katakon balsa, wani itace maras nauyi, na musamman wanda aka zaɓa aka fere kamar fatar albasa, leda mai sirantar da hannu ba ya iya ɗauka sai an shimfiɗa ta a kan firam, farfela mai sauya kusurwarta da kanta yayin da ƙarfin roba ke raguwa, da akwati na musamman don ɗaukarsa. Mutum in ya wuce kusa da shi da sauri, iskar rigarsa kawai tana iya karya masa fiffike. Wanda bai taɓa daidaita jirgi mai giram 8 ba, ba zai iya da mai giram ɗaya da rabi ba. A nuna wa ɗalibai bidiyonsa su san inda hanyar ta nufa, amma kada a sa shi cikin dokar gasa. Ita kanta FAI ta tanadi ajin masu tasowa, F1M, mai nauyin giram 3 da robar giram 1.5, kuma ko shi sai kulob ya shekara biyu ko uku yana aiki kafin ya tunkare shi.

Saura biyu ke nan, kuma a nan ne zaɓin yake da wuya, domin kowanne yana da hujjarsa.

Jirgin danƙo ya fi sauƙin ƙerawa nesa ba kusa ba. Sanda ɗaya siririya, fiffike, jela, da ɗan ƙugiya a ƙarƙashin hanci inda roba za ta kama. Ba farfela, ba waya, ba abin da ke juyawa. Farantin fom irin wanda ake zuba abincin biki yana isa a yanka fiffike da jela, tsinken tsire ko na tsintsiyar kwakwa ya zama jiki. Ɗan aji ɗaya a ƙaramar sakandare zai gama shi a zama ɗaya, ya harba kafin a tashi. Robar ɗaure kuɗi ta ishe shi, domin aikinta na ƙiftawar ido ne kawai. In ya karye, sufa gulu da minti biyar sun mayar da shi.

Wahalarsa tana wajen daidaitawa, kuma ba ƙarama ba ce. Jirgin yana rayuwa iri biyu a tashi ɗaya: yana barin hannu da gudu mai tsanani, sannan a can ƙololuwa dole ya kife ya koma tafiyar hawainiya ba tare da ya zubar da tsawon da ya samu ba. Wannan juyin shi ne gasar gaba ɗaya. Jirgin da ya lula har kusa da silin, sannan ya tsaya cak ya sunkuyo da ka ya faɗo rabin hanya kafin ya farfaɗo, ya yi asarar rabin lokacinsa. Ɗalibi zai koyi karkata hannu, ya koyi kusurwar harbi, ya koyi ƙara ko rage ɗan dunƙulen nauyi a hanci. Ilimi ne na gaske, sai dai yawancinsa a hannu yake, ba a lissafi ba.

Babban aibinsa shi ne rufi ke yanke masa hukunci. Tunda ba shi da abin da zai riƙe shi a sama, lokacinsa tsayin zaure ne daga ƙasa zuwa rufi kawai a raba da saurin saukowarsa. A zauren wasanni mai mita 7 ko 8, jirgi mai kyau ƙwarai yana yin kusan rabin minti. A ɗakin taron makaranta mai mita 4, da fankoki suna reto, ƙwararre da ɗan koyo za su tashi da tazarar 'yan daƙiƙu, har a rasa ko gwaninta ce ta raba su ko yatsan mai riƙe da agogo. Sannan akwai maganar ido. Abu ne mai tsini da ake harbawa da roba a cikin taron yara. A Science Olympiad, gasar kimiyya ta ɗaliban makarantu a Amurka, ana tilasta wa masu harba irinsa sanya gilashin kariya, kuma duk wanda ya san 'yan aji biyu da danƙo a hannu ya san dalili.

Jirgin farfela ya fi cin lokaci, ya fi cin kuɗi, ya fi ba da ciwon kai a makonnin farko. Duk da haka shi nake ganin ya kamata ya zama ƙashin bayan gasar, musamman ga 'yan babbar sakandare.

Samfurin da ya fi dacewa a kwaikwaya shi ne na Science Olympiad ɗin nan, wadda aka kafa a 1984. Wasansu na jirgin roba, wanda aka daɗe ana kira Wright Stuff, ɗalibai biyu ne ke shiga a madadin makaranta. Dokokin suna sauyawa duk shekara, amma ginshiƙinsu bai cika canzawa ba: ana ƙayyade iyakar girman fiffike, ana ƙayyade mafi ƙarancin nauyin jirgi, wanda ya saba zama wajen giram 7 zuwa 8, ana iyakance nauyin roba, a ba ƙungiya 'yan mintuna ta yi tashi biyu, a ɗauki mafi tsawo. Kuma dole su zo da littafin da suka rubuta gwaje-gwajensu. A zauren wasanni na makaranta, jirgi irin wannan da aka daidaita da kyau yana wuce minti biyu.

Dalilin da ya sa ya fi jure ƙaramin zaure shi ne ana iya sarrafa hawansa. Roba in an murɗe ta har ƙarshe, ƙarfinta na farko yana da yawa ƙwarai, sai ya sauko ya daɗe a matsakaici, sannan ya mutu a hankali. Wancan ƙarfin na farko shi ke cilla jirgi ya bugi silin. Dabarar masu wasan ita ce su murɗa har kusan iyaka, sannan su warware kaɗan, su zubar da zafin farkon, su bar dogon matsakaicin. Da haka jirgi zai hau a hankali, ya tsaya yana zagaye ɗan ƙasa da rufi, ya sauko da sauran murɗi kaɗan a jikin robar. Nawa za a murɗa, nawa za a warware, wane kauri na roba ya dace da wace farfela: duk tambayoyi ne da ba a amsa su sai da gwaji da rubutu. Roba mai kauri tana ba da ƙarfi amma ba ta ɗaukar murɗi da yawa. Siririya tana ɗaukar murɗi, amma wataƙila jirgin ba zai hau ba. Idan ya sauka da murɗi mai yawa, robar ta yi siranta ko farfelar ta yi mata nauyi. Idan murɗin ya ƙare yana can sama, ta yi kauri. Malamin fiziks da ke fama da yara a kan darasin makamashin da ke ajiye a cikin abu mai talewa, ga shi nan yana zagaya ɗaki a gabansu.

Sai maganar zagaye. Jirgin da ke tafiya miƙe bango ne ƙarshensa, don haka ana karkata jelarsa kaɗan ya riƙa kewayawa, galibi ta hagu, a kuma ɗan ɗaga gaban fiffiken hagun don kada juyin farfela ya kwantar da shi. A zaure matsattse sai a matse da'irar, ko da yake matsewar tana cin lokaci.

To, kayan aiki fa? A nan ne mutane da yawa ke karaya, kuma a nan ne doka ɗaya ke ceton gasar: dokar mafi ƙarancin nauyi. Balsa itace ne na Kudancin Amurka, mafi yawansa daga Ekwado yake fitowa, sai an yi odarsa. In aka bar nauyi a buɗe, makarantar kuɗin da ta iya sayo kayan jirgi a shirye daga waje ta cinye tun kafin a shiga zaure. Amma in doka ta ce jirgi kada ya gaza giram 10 a shekarar farko, mai balsa dole ya liƙa ƙarin nauyi har ya kai, shi kuma mai kayan gida yana iya saukowa kusa da wannan adadi. Tsokar cikin karan dawa da ta tukurwa ba su da nauyi, kuma yaron da ya taɓa yin motar kara ya riga ya san yadda ake fere su. Siraran tsinken tsintsiya suna yin gefen fiffike, ledar ƙulli mafi siranta ta zama rufinsa. Farfela ita ce mai wuya. Ana yanko ganyenta biyu daga jikin kofin roba ko gorar lemo, a ɗan karkace ba a tsaye ba, don lanƙwasar jikin gorar ta ba shi murɗin da yake buƙata. Siririyar waya ta zama sandar juyawa, guntun bututun biro ya riƙe ta, ɗan dutsen kwalliya guda ya rage gogayya. Duk wannan ba ya wuce shiga ɗaya a Kasuwar Gumi. Jirgin ba zai yi minti biyu ba a karon farko, amma daƙiƙa talatin na jirgin da yaro ya fere da hannunsa sun isa su riƙe shi a kulob.

Abu ɗaya ne kayan gida ba sa maye gurbinsa da kyau, shi ne robar kanta. Tub ɗin keke ba ya dawowa da kuzari. Robar ɗaure kuɗi, in an sarƙa ta, tana tashi da jirgi, amma murɗinta kaɗan ne kuma tana tsinkewa a wajen ƙulli. Wadda masu gasa ke amfani da ita a duniya ita ce Tan Super Sport, daga Amurka, doguwar tsiri ce da ake sayarwa a awo. Lissafin kuwa yana da daɗi: kwalin da ya kai giram 450, in ana yanka giram ɗaya da rabi ga kowane jirgi, zai ba da kusan guda 300. Wato oda ɗaya ta wadatar da makarantu da yawa. Shawarata ita ce masu shirya gasa su sayo, su raba wa kowace ƙungiya daidai wa daida, a hana zuwa da wata. In hakan bai samu ba, to kowa ya yi da robar ɗaure kuɗi daga fakiti ɗaya. Adalcin ya fi ingancin muhimmanci.

Robar tana son kulawa. Ana shafa mata man silikon ko giliserin, wanda ake samu a kowane kemis, kafin a murɗa, in ba haka ba tana cin kanta. Basilin da baƙin mai suna lalata ta. Rana da zafi ma haka, don haka a ajiye ta a leda a rufe, a wuri mai duhu da sanyi, ba a aljihun mota ba. Ba a murɗa ta a jikin jirgi: ɗalibi ɗaya ya riƙe, ɗayan ya ja ta ta ninka tsawonta sau huɗu ko biyar, yana murɗawa yana matsowa. Murɗin yakan wuce dubu, shi ya sa ake amfani da ɗan injin hannu da ke juyawa sau 10 ko 15 a kowane zagaye. Wannan inji da ma'auni mai auna kason giram, irin na masu sayar da gwal, su ne kayan da kulob zai saya sau ɗaya. Jirgin danƙo ba ya buƙatar injin, wannan ma maki ne a gare shi.

Kafin a rubuta doka ko ɗaya, a je a auna zauren. Ba tsawon bango ba, tazarar ƙasa zuwa abu mafi kusa da ke reto: fanka, fitila, ƙarfen rufi. FAI ta raba zauruka gida huɗu, na ƙasa da mita 8, na 8 zuwa 15, na 15 zuwa 30, da na sama da haka, saboda ba a gwada lokacin da aka yi a wani da na wani. Kusan duk ɗakin taron makaranta a rukunin farko yake. In abin da aka samu bai kai mita 5 ba, jirgin danƙo ba shi da filin nuna kansa, a tafi ga na farfela. In an samu aron babban zauren wasanni na cikin gida, irin na filin wasa na Ahmadu Bello, to dukansu biyun za su sake.

Iska ce abokiyar gaba ta biyu. A kashe fankoki da na'urar sanyaya ɗaki, a rufe ƙofofi, a toshe tagogin luba da suka fashe da kwali. Wannan na cikin 'yan wasannin da ɗaukewar wuta ke yi wa alheri. Rufin kwano in ya ɗauki rana yana haddasa iska mai hawa da sauka a cikin ɗaki ko da komai a rufe yake, don haka safiya ta fi, kafin ƙarfe goma sha ɗaya. Jirgin farfela ya fi jin wannan, domin ya fi daɗewa a sama, iskar tana samun lokacin tura shi bango. 'Yan kallo ma a zaunar da su a gefe, ba guje-guje. Game da lokacin shekara, damina tana sa kara da takarda su sha laima su lanƙwashe, sanyin asubar hunturu kuma yana rage wa roba kuzari. Wata na biyu zuwa farkon na uku, a zangon karatu na biyu, busasshiyar iska ce kuma zafin bazara bai kankama ba. Ga kara ma a wadace bayan girbi.

Wajen alƙalanci jirgin danƙo ya fi sauri: tashi biyar ga kowace ƙungiya, a haɗa mafi kyau uku, aji guda ya gama cikin awa ɗaya. Na farfela yana son haƙuri, ƙungiya ɗaya ko biyu a fili a lokaci guda, kowacce da mintunanta na murɗi da gyara. Masu agogo su zama biyu ko uku, wayar hannu ta isa, a fara ƙirga sa'ad da jirgi ya bar hannu, a tsaya sa'ad da ya taɓa ƙasa ko ya maƙale. A tanadi doguwar gora don sauko da wanda ya sarƙe a ƙarfen rufi, domin sai an samu.

Ga makarantar da ke da ƙaramar sakandare da babba, rabon a bayyane yake: ƙanana su yi danƙo, manya su yi farfela, wanda ya taso daga na farkon ya riga ya san inda nauyin jirgi ya kamata ya zauna. Ga wadda ba ta da ƙarfin ɗaukar biyu, in malami ɗaya ne kuma mako uku kawai ya rage, danƙo. In akwai zango guda cur da malamin da zai iya ba da yammacin rana ɗaya a mako, farfela, da dokoki huɗu kacal a shekarar farko: faɗin fiffike kada ya wuce santimita 45, nauyi kada ya gaza giram 10 ban da roba, roba daga hannun masu gasa, kuma ba a karɓar jirgin da bai zo da littafin gwaji ba. A littafin a ga kwanan wata, tsawon roba, yawan murɗi, nawa aka warware, inda jirgin ya kai, da daƙiƙun da ya yi. Alƙali ya buɗe shafi ɗaya ya tambayi ɗaliban me suka canza tsakanin wannan tashi da na bayansa. Nan take za a gane jirgin da yara suka ƙera da wanda wani kawu ya ƙera musu a gida.